Jan Layin da Ke Jikin Kofi

A hawa na biyu na wani tsohon bene, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da Ummanta da kuma Kaka, wato mahaifin Umma. Ɗakunansu biyu ne, sai ɗan ƙaramin kicin. Idan mutum biyu suka shiga kicin ɗin, dole ɗaya ya tsaya a karkace.

Kaka tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shekara da shekaru yana tuƙi, guzurinsa a hanya burodi ne da cuku. Ya bar aiki, amma bai bar cuku ba.

Shi da jikarsa kullum cikin tsiya suke.

"Uwargida," yakan ce mata, "yau ma da yunwa za ki bar mijinki?"

"Wane miji?" in ji ta. "Mijin da haƙoransa suke kwana a cikin kwano?"

Sai Kaka ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata shekara, dariyar ta ragu. Zuciyar Kaka ta yi rauni, aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da za a sallame shi, likita ya zaunar da Umma. Yarinyar tana tsaye a gefe, riƙe da jakar kayan Kaka.

"Babban abokin gabarsa yanzu shi ne gishiri," in ji likita. "Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ruwan yakan fara taruwa a ƙafa, daga nan ya hau ƙirji. Zuciyarsa ba ta da ƙarfin da za ta ture shi."

"To, cuku fa, likita?" Kaka ya tambaya daga kan gado.

"Irin wanda kake ci cike yake da gishiri, Baba."

Kaka ya juya fuskarsa bango. "In haka ne, ku bar ni a nan kawai. Me zan je in yi a gida?"

Likita ya dube shi. Can ya ce, "Giram talatin a rana. Ko ɗigo kada a ƙara. Sauran abinci kuma babu gishiri sam."

Ba su da sikeli a gida. Umma ta aro na maƙwabciyarsu mai yin kek. Ta yanko cuku, ta gurza shi, ta auna giram talatin daidai. Sannan ta ɗauko wani ɗan kofin gilashi, ta yi ta barbaɗa cukun a ciki a hankali, kamar mai zuba abin da zai fashe. Inda cukun ya tsaya, ta zana layi da jan farce.

"Kin gani?" ta ce da 'yarta. "Sikeli ba namu ba ne, zan mayar. Wannan layin shi ne sikelinmu. Kada cukun ya wuce shi."

"To, Umma."

"Ki dube ni. Ran kakanki ne a jikin layin nan."

"Na ji, Umma."

Umma tana aikin wanki da guga a wani otal. Ba ta dawowa sai bayan magariba. Don haka abincin ranar Kaka yana hannun yarinyar. Da ta dawo daga makaranta sai ta dafa dankali, ta ɓare, ta farfasa shi a faranti. Ta gurza cuku ta zuba a kofi zuwa layi, ta barbaɗa a kan dankalin da zafinsa.

Kaka yakan ɗan tsakura, ya ture farantin.

"Uwargida, wannan cuku ne ko labarin cuku?"

"Ka ci mana, tsoho."

"Na ƙoshi."

Kullum haka. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito. Ya daina tsokanarta, sai dai ya zauna a bakin taga yana kallon titi. Abin yana damun yarinyar ƙwarai.

Wata rana ya biyo ta har ƙofar kicin, ya jingina da bango.

"Ɗan ƙara mini, uwargida. Ɗan kaɗan."

"Umma ta ce kada ya wuce layi."

"Wa ya ce ki wuce layi? Ni direba ne, ai na fi kowa sanin layi." Ya rage murya. "Amma bari in gaya miki. Tarago ɗaya ne. Ranar da babu mutane, kowa ya zauna ya miƙe ƙafa. Ranar cunkoso kuwa, sai ya ɗauki ninkin haka. Taragon bai ƙara girma ba. Matsawa kawai aka yi."

Yarinyar ta dubi kofin. Ta dubi Kaka. Ta tuna yadda Umma ta barbaɗa cukun a hankali. Zuciyarta ta ce mata kada ta yi. Amma sai ta ga yadda Kaka ya rame.

Ta sa babban yatsanta ta danna.

Cukun ya nutse ƙasa, ya bar fili mai yawa. Ta ƙara gurzawa, ta zuba, ta sake dannawa. Ta yi ta yi har ya daskare kamar sabulu. Ta ɗaga kofin ta duba. Daidai kan jan layi yake.

"Ban wuce ba," ta ce a ranta.

Ranar Kaka ya cinye abincinsa tas, har ya suɗe cokali.

"Yau kam na san na yi aure," in ji shi.

"Ka ji tsoho! Sai ka biya sadaki tukuna."

Suka yi dariya kamar da. Yarinyar ta ji daɗi har cikin ranta. Washegari ta sake dannawa. Jibi ma haka. Tun tana yi da faɗuwar gaba, har ya zame mata jiki.

Wani yammaci Umma ta buɗe firiji, ta tsaya tana juya ragowar cukun a hannunta.

"Cukun nan yana saurin ƙarewa. Ko kina ɗan tsakura ne?"

"Wallahi ban taɓa ci ba, Umma."

"Ba kya dai wuce layi?"

"Ban taɓa wuce layi ba."

Maganar gaskiya ce. Amma da ta faɗe ta, sai ta kau da kai. Umma ta gaji sosai, ba ta ƙara tambaya ba.

Ba a daɗe ba Kaka ya daina sa takalminsa mai igiya. Ya ce ya matse shi. Ya koma silifa. Sannan ya daina sauka ƙasa wurin abokan hirarsa. Ya ce matakalar benen ce ta ƙara tsawo. Idan zai kwanta sai ya tara matasai a bayansa, ya yi barci a zaune.

Wata rana yarinyar tana shara, sai ta ga ƙafafunsa a ƙarƙashin kujera. Sun kumbura suntum, fatar tana sheƙi.

"Kaka, me ya sami ƙafarka?"

"Ƙiba ce. Ba ke kike ciyar da ni ba?"

Ta durƙusa, ta sa yatsa ta danna ƙaurinsa. Da ta ɗauke yatsan, wurin bai taso ba. Wani ɗan rami ya zauna a fatar. Irin ramin da yatsanta yake bari a cikin kofin cuku.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Zan gaya wa Umma."

Kaka ya ja bargo ya rufe ƙafafun. "Kada ki ɗaga mata hankali. Aiki ya ishe ta. Gobe kumburin zai saɓe."

Ba ta gaya wa Umma ba. Ta san idan ta faɗi maganar ƙafa, maganar kofi za ta biyo baya.

Bai saɓe ba.

Ranar da abin ya faru, ta dawo daga makaranta ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta tura ƙofa. Kaka yana kan kujerarsa a bakin taga, ya dafe ƙirji da hannu biyu. Bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi duhu. Numfashinsa yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke.

"Kaka! Kaka!"

Ya ɗago ido ya dube ta. Ya yi ƙoƙarin magana, ya kasa.

Ta jefar da jakarta, ta ruga gidan maƙwabciya tana dukan ƙofa da hannu biyu. Mijin maƙwabciyar direban tasi ne, Allah ya sa yana gida. Shi da wasu samari suka ɗauko Kaka da kujerarsa, suka sauko da shi daga bene. Silifarsa ɗaya ta faɗi a kan matakala. Yarinyar ta ɗauka ta rungume.

A asibiti aka sa wa Kaka bututun iska a hanci, aka rufe ƙofa. Umma ta iso da rigar aikinta, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Bayanta Kawu ya iso, yayan Umma, fuskarsa a murtuke.

Da likita ya fito, suka miƙe.

"Ruwa ya cika masa ƙirji," in ji shi. "Muna ƙoƙarin cire shi. Amma abin ya ɗaure mini kai. Yana shan magungunansa?"

"Da hannuna nake ba shi," in ji Umma.

"Gishiri fa?"

"Ko ƙwaya ba na sawa. Cukun ma giram talatin ne, yadda ka ce."

Likita ya girgiza kai. "In haka ne, sai dai zuciyar ce ta ƙara lalacewa. Idan ita ce kuwa, ku yi ta addu'a."

Da ya wuce, Kawu ya juyo kan Umma.

"Na faɗa tun farko. Kin fi son aikinki da ubanki."

"Haba Yaya..."

"Kada ki ce mini haba! An ba ki tsoho da ƙafarsa, ga shi nan a kwance. Idan Allah ya tashe shi, gidana zan tafi da shi. Ba zai ƙara kwana wurinki ba."

Umma ta juya masa baya. Ta zauna a kan benci, ta sunkuyar da kai. Hawaye yana ɗiga a kan hannayenta da sabulu ya tsattsaga.

Yarinyar tana ƙarshen bencin, rungume da silifa. Ta buɗe baki. Ta dubi fuskar Kawu. Ta rufe bakin.

Washegari Umma ta ce dole ta tafi makaranta. Ta tafi, amma ba ta ji ko kalma ɗaya a aji ba. Da aka fita tara, wato hutun karin kumallo, ta zauna ita kaɗai. Malamar kimiyya ta lura da ita.

"'Yata, lafiya? Yau ko hannu ba ki ɗaga ba."

"Malama, ina da tambaya."

"Ina jin ki."

"Idan aka zana layi a jikin kofi, abin da ya kai layin nan, kullum nauyinsa ɗaya ne?"

"Tambaya mai kyau. Zo mu gwada, kada in gaya miki da baki."

Malama ta buɗe kabad ta fito da sikelin makaranta da wani kofi. Ta ɗauko burodin da ta zo da shi don karin kumallo, ta marmasa shi. Ta zuba a kofin a hankali har rabi, ta ɗora a sikeli.

"Duba inda allura ta tsaya."

Yarinyar ta duba.

"To, yanzu danna shi. Ki ƙara, ki danna, har ya dawo rabi."

Yarinyar ta yi. Hannunta ya san aikin sarai. Suka ɗora a sikeli. Allurar ta wuce inda ta tsaya da farko, ta yi nisa.

"Kin gani?" in ji Malama. "Da farko akwai iska a tsakanin marmashin. Iska tana cin wuri, amma sikeli ba ya jin ta. Da kika danna, kin kori iskar, kin sa burodi a madadinta. Kofi wuri yake aunawa. Sikeli shi ke auna nauyi. Idan za a mayar da nauyi zuwa kofi, dole a riƙa zubawa iri ɗaya kullum. In an canja hannu, layin ya zama ƙarya."

Yarinyar ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗi komai: cukun, taragon, ramin da ke ƙafar Kaka.

Malama ba ta yi mata tsawa ba. Ta bari sai da ta gama.

"Yanzu likita yana can yana neman dalili," ta ce. "Ummanki tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Wa ya san gaskiya?"

"Ni."

"To, me kike jira?"

"Kawu zai kashe ni."

"Ba zai kashe ki ba. Faɗa zai yi, faɗa kuma yana wucewa. Shirunki ne zai iya kashe wani."

Da aka tashi, yarinyar ba ta tsaya wasa ba. Ta biya wurin maƙwabciya ta aro sikeli. Da ta shiga gida, ta tarar da Umma da Kawu sun zo ɗaukar wa Kaka kaya. Ba sa ko kallon juna.

"Umma, Kawu, don Allah ku zo kicin."

"Ba mu da lokacin wasa," in ji Kawu.

"Ba wasa ba ne. Maganar Kaka ce."

Suka zo. Umma ta shiga, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta gurza cuku, ta barbaɗa a kofi zuwa layi, ta juye a sikeli.

"Talatin," in ji Umma. "To, sai me?"

"Wannan naki ne, Umma. Ga nawa."

Ta mayar da cukun, ta danna da yatsa. Ta ƙara, ta danna. Ta ƙara, ta danna. Ta nuna musu kofin. Daidai kan layi. Ta ƙwaƙule shi da cokali ta juye a sikeli.

Allura ta tafi, ta wuce hamsin, ta wuce sittin, ta tsaya dab da saba'in.

Umma ta dafa bango, ta zauna a ƙasa.

"Kullum?" ta tambaya.

"Kullum. Ba ya cin abinci ne, Umma. Na ga yana ramewa."

"Na tambaye ki. A nan wurin na tambaye ki."

"Na ce ban wuce layi ba. Ban yi ƙarya ba."

"Bakinki bai yi ba," in ji Umma a hankali. "Amma kin san abin da nake tambaya."

Wannan maganar ta fi duka zafi. Yarinyar ta durƙusa. "Ki yafe mini, Umma. Na ga ƙafarsa ta kumbura ma, na ɓoye."

Kawu ya daɗe yana kallon sikelin. Yarinyar tana jiran tsawa. Sai ya ce, "Tashi. Ɗauko kofin. Likita za ki gaya wa da bakinki." Ya dubi Umma, ya sunkuyar da kai. "Ƙanwata, na yi miki maganar da ba ta dace ba. Ki yi haƙuri."

A asibiti, yarinyar ta tsaya gaban likita. Ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Likita ya ja dogon numfashi. "Kin yi kuskure babba. Fiye da ninki biyu kike ba shi, ga jiki mai rauni. Kuma da kin faɗi kumburin nan da wuri, da bai kai haka ba." Ya karɓi kofin ya juya shi. "Amma kin kawo mini labari mai daɗi. Da ina tsoron ko zuciyar ce ta ƙare. Idan gishiri ne, mun san abin da za mu yi."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Amma a hankali ruwan ya sauka. Aka cire bututun. Ranar da aka bar yarinyar ta shiga, ta tsaya nesa da gadon, ta kasa ɗaga ido.

"Uwargida," in ji Kaka da 'yar siririyar murya, "yaji kika yi ne?"

Ta ruga ta kifa kanta a kan hannunsa tana kuka.

Kaka ya shafa kanta, ya dubi Umma da Kawu. "Kada ku ɗora mata ita kaɗai. Ni na koya mata lodin tarago. Kwaɗayina ne. Kuma babu inda za ni, gidan uwargidana zan koma."

Ranar da ya dawo gida, da takalminsa mai igiya ya hau bene. Kawu ya zo da sabon sikeli a kwali, ya ajiye a kicin.

Yarinyar ta koma wurin Malama da wata tambayar. Idan dannawa tana rage wuri, me zai ƙara shi? Malama ta ce ta duba magurjinsu da kyau. Ashe yana da gefe mai ƙananan huji, wanda ba ta taɓa amfani da shi ba.

Ta auna giram talatin a sikeli, Umma tana kallo. Ta gurza shi a gefen nan. Cukun ya fito siri-siri kamar gashin auduga, ya yi tsiri a faranti, ya rufe dankalin gaba ɗaya. Ta matsa lemon tsami a kai, ta kai wa Kaka.

Kaka ya zaro ido. "Kai! So kike ki mayar da ni asibiti?"

"Talatin ne cif. Tambayi Umma."

"To, ina sauran ya fito?"

"Iska ce, tsoho. Yau fasinjojinka sun miƙe ƙafa."

Kaka ya yi dariya, wannan karon babu tari. Ya cinye tas.

Kofin mai jan layi yana nan a kan kantar kicin har yanzu. Yarinyar ta hana a yar da shi. Duk lokacin da ta gan shi, takan tuna abin da ta koya. Idan aka kafa maka doka, ka kiyaye dalilinta, ba layinta kaɗai ba. Son mutum ba shi ne ba shi duk abin da ya roƙa ba. Kuma idan ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun gyara yana da sauƙi.